Kuzbarata Ta Ƙi Yi, An Ce Hannuna Ne Ba Ya Shuka

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti ne. Wata maƙwabciyata 'yar Sudan ce ta koya mini yanka ɗanyen ganyen kuzbara, wadda masu kayan miya ke ce wa koriyanda, a kan salak da miyar kifi, tun daga nan na kamu da sonta. To ba a samunta a unguwarmu sai an je 'Yankaba ko Sabon Gari, in na sayo kuma kwana biyu ta yi yaushi. Sai na ce bari in shuka abata. Na fara a watan Afrilu cikin gwangwanin madara, ta fito, amma kafin in tsinki abin kirki ta miƙe siririya ta yi fure. Na sayo mai saiwa a kasuwa na dasa, ta bushe. Da damina na yi renonta a faranti na mayar cikin bokiti, ta kwanta ta ruɓe. Yanzu uwar mijina ta ce akwai hannun da ba ya shuka, kuma nawa yana ciki. Maigida shi ma ya ce in daina wahalar da kaina, domin shi ɗanɗanon sabulu yake ji a ganyen. Anti, in haƙura ne?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haƙura. Na bi wasiƙarki daki-daki ban ga inda hannu ya yi laifi ba. Abin da na gani shi ne kin shuka a watan da bai dace ba, a mazubin da ya yi mata kaɗan, sannan kika yi mata dashe. Ko tsohon mai lambu aka ba wa waɗannan sharuɗɗa, abin da kika samu shi zai samu. Maganar Hajiya kuwa, haka muka taso muka ji manya na faɗa, ba da mugun nufi ba ne. Kada ki ja da ita. Ranar da kika yi tsinkar farko ki wanke ki aika mata a kwano, ya wadatar.

Babban abin da ya kayar da ke shi ne lokaci. Kuzbara shukar sanyi ce, asalinta daga ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum da yammacin Asiya. Ta fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 25. Da zarar rana ta riƙa wuce digiri 30 kullum, sai ta bar yin ganye ta koma neman yin iri. Ki tuna yadda Kano take a watan Afrilu, zafin kan kai digiri 40, ga siminti yana mayar da shi daga ƙasa, ga gwangwanin ƙarfe yana gasa saiwar. Ba ciwo ne ya kama shukarki ba. Halittarta ke nan: gaba ɗaya rayuwarta wata uku zuwa huɗu ne, daga tsiro zuwa bushewar 'ya'ya, kuma idan zafi ko ƙishirwa suka matsa mata sai ta gaggauta. Alamar farko ita ce sabbin ganyen da ke fitowa daga tsakiya su zama sirara, masu yatsu-yatsu irin na karas, wanda dama danginta ne. Daga nan kara ya miƙe, fure ya biyo. In ta kama wannan hanya ba ta dawowa. Ko kin yanke karan, 'yan kwanaki kawai za ki ƙara.

Ko a Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman kuzbara, manoman jihohin Rajasthan da Gujarat da Madhya Pradesh ba sa shuka ta da zafi. Sukan jira Oktoba ko Nuwamba, su girbe wajen Fabrairu da Maris. Mu ma lissafinmu kusan ɗaya ne. Daga ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, zuwa tsakiyar Janairu, shi ne lokacin shukarki. Hunturun da ke fasa mana leɓe da dunduniya shi ne abin da take so. Mutanen Jos, da garinsu ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, suna da sarari fiye da namu, amma ke da ke Kano, da 'yan'uwanmu na Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, daga Maris zuwa Mayu hutu ne. Da damina akan iya samu a Yuli da Agusta idan hadari ya rage zafi, sai dai sai a ƙarƙashin baranda inda ruwan sama ba ya dukanta, kuma ba zan ba mai farawa shawarar ta fara da wannan ba.

Sai dashe. Mun saba da tumatir da attaruhu da albasa da latas, waɗanda ake reno a wuri ɗaya a cire a dasa a wani, shi ya sa muke zaton kowace shuka haka take. Kuzbara saiwa ɗaya take yi doguwa mai nutsewa ƙasa. Idan aka tumɓuke ta saiwar nan ta karye ko ta lanƙwashe, to ko dai ta mutu ko ta firgita ta yi fure nan da nan. Wadda kika sayo a kasuwa ta riga ta girma, an fizge ta daga lambu, ta kwana a buhu. Wannan ta miya ce. Kuma ba ta kamawa daga reshe yadda na'a-na'a ke kamawa. Inda kika zuba irin, nan za ta zauna har ƙarshenta.

Saboda wannan saiwa, mazubin ya kai zurfin rabin kamu, wato santimita 20 zuwa 25, kuma ya zama mai faɗin baki. Tsohon baho da ya tsage, ko jarka da aka yanke ta kwance, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, duk za su yi. Idan za ki samu babbar tukunyar ƙasa, ita na fi so, domin tana sanyaya ƙasar ciki kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Baƙar roba ita ce ta ƙarshe a zaɓina, tana jan zafi. Kada ki yi amfani da abin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki, komai wankin da aka yi masa. Ki huda gindin da ƙusa mai zafi, huji da yawa, ba biyu ko uku ba, sannan ki ɗora shi a kan bulo ko duwatsu don ruwa ya samu hanyar fita, zafin siminti kuma kada ya taɓa shi. Ina kyautata zaton bokitin da kika yi amfani da shi da damina bai da isassun huji. Ruwa ya kwanta a ciki, saiwar da dama ta ji rauni wajen dashe ta rasa iska, sai ta ruɓe.

Ƙasar ba ta da wuyar haɗi. Kwano biyu na ƙasar gona mai laushi, kwano ɗaya na yashi, kwano ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sosai har ya koma baƙi ba ya wari. Kashin awaki ko na tumaki da ya shekara ya fi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro, kuma tunda ɗanye za ki ci ganyen, ba a son ɗanyen taki kowane iri kusa da shi. Ƙasar bola ma ki bar ta, ba ki san abin da aka zubar a wurin ba. Idan kin jiƙa haɗin kika dunƙula a hannu, ya kamata ya riƙe, amma in kin ɗan taɓa shi da yatsa ya wargaje. In ya manne kamar na gini, laka ta yi yawa, ki ƙara yashi. Masu sayar da furanni a bakin titi sukan sayar da haɗaɗɗiyar ƙasa a buhu in ba ki son wahalar.

Yanzu iri, kuma nan nake so ki natsu, don nan mutane da yawa ke faɗuwa ba su sani ba. 'Ya'yan kuzbarar da masu kayan ƙamshi ke aunawa a Kurmi ko Sabon Gari, su ne irin. Suna fitowa, in dai ba a soya su ba kuma ba su tsufa ba. Amma mai sayarwa ba zai iya ce miki ga shekarar da aka girbe su ba, shi ma saro su ya yi. Don haka kafin ki ɓata ƙasa da mako biyu na jira, ki gwada. Ki ɗebi ƙwaya 10 ki naɗe a tsumma mai laima, ki saka a leda ba tare da kin ɗaure bakin tam ba, ki ajiye a inuwa, kina ɗan yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana 10 zuwa 14 ki buɗe. Idan fiye da rabi sun fitar da farar saiwa, irin ya yi. Idan biyu ko uku ne kawai, ki daka sauran a yaji ki nemi wani a wurin wani mai kaya.

Ki kuma lura da siffarsu. Akwai manya masu ɗan tsawo, galibi daga Indiya suke zuwa, akwai ƙanana zagayayyu. Manyan nan yawanci don 'ya'ya aka noma su, suna saurin fure, ganyensu bai da yawa. Za su ba ki abin miya, amma kada ki yi mamaki in sun yi gaggawa. Idan kin shiga shagon masu sayar da irin lambu, ki tambayi wanda aka ware don ganye, mai jinkirin fure. Santo da Calypso suna cikin sanannu. Irin fakiti sau da yawa akan shafa masa magani mai launin ja ko kore. Wannan na shuka ne kawai, kada ya shiga tukunyar girki, kuma ki ɓoye shi daga yara.

Kowace ƙwaya da kike gani zagayayya, iri biyu ne manne da juna a cikin ɓawo. Ki zuba su a tsumma ki murza kwalba a kai a hankali har su rabu gida biyu. Ba daka za ki yi ba, in kin niƙe su kin kashe su. Sai ki jiƙa su a ruwa su kwana ɗaya, da safe ki tsane. Za su fito ko ba ki yi haka ba, amma da wannan sun fi sauri kuma sun fi fitowa tare.

Ki jiƙa ƙasar tun kafin shuka. Ki barbaɗa irin da tazarar yatsa biyu tsakani, ki rufe da ƙasa mai kaurin santimita ɗaya, ki danna kaɗan da tafin hannu. Duhu take so kafin ta tsiro, don haka ki shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a kai ko ki barbaɗa ɓuntun shinkafa. Daga kwana na biyar ki riƙa ɗaga buhun kina dubawa, da kin ga tsiro ki cire shi. Takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, in sanyi ya yi tsanani har uku. Mutane da yawa a kwana na shida suke zubar da ƙasar su ce iri ya mutu. Wani abin kuma, ganye biyu na farko dogaye ne sirara, ba su yi kama da kuzbara ba ko kaɗan. Kada ki ɗauka ciyawa ce ki cire. Na uku ne zai zo da siffar da kika sani. Idan sun cunkushe, ki rage su da almakashi daga gindi har tazara ta kai yatsa uku, waɗanda kika yanke kuma ki zuba a salak.

Rana ta safe take so, awa huɗu zuwa shida. Ki nemi gefen tsakar gidan da hantsi ke faɗawa, inda inuwar katanga ke rufewa bayan azahar. A Disamba da Janairu ko ta wuni a rana ba komai. Amma cikin ɗaki ko kicin, a bakin taga, ba za ta yi ba: za ta yi tsawo fara sol tana neman haske, ta faɗi.

Ban-ruwa da safe ne. Kafin ki zuba ki tura yatsa zuwa gaɓar farko, in da laima ki bari, in ya bushe ki ba ta har ruwa ya ɗigo ta ƙasa. Iskar hunturu tana shanye tukunya da sauri, wani lokaci sai kin ƙara da la'asar. Ki kiyaye wannan, domin ƙishirwar yini biyu ta isa ta sa ta fara shirin fure ko da sanyi ake. Kada ki kwarara da buta a kan ƙananan tsiro, ki huda murfin gorar ruwa ki riƙa yayyafawa. Ruwan alwala da wanda aka wanke shinkafa da shi suna da kyau. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu ko gishiri, a'a. Ƙurar hunturu in ta lulluɓe ganyen ki ɗauraye ta da safe don ya bushe kafin dare.

A tsakar gida irin namu, abokan gabarta na farko ba ƙwari ba ne. Ƙadangaru ne, da kajin maƙwabta, da tsuntsaye, da ƙananan yara masu son tono. Ƙadangare ɗaya zai iya share miki tukunya kafin ki idar da girkin rana. Ki kifa tsohon kwando mai manyan huji ko ki kewaye da ragar waya. Na san abin da zai fara zo miki a rai shi ne tsohon gidan sauro, to wanda ake rabawa a asibiti da magani a jikinsa, bai dace da abin da za a ci ɗanye ba. Idan kin ga ƙananan ƙwari kore ko baƙaƙe sun taru a bayan ganye suna sa shi nannaɗewa, ki fesa musu ruwa da ƙarfi su zube. In sun dawo, ki kirɓa ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki fesa da yamma, sannan ki bar kwana uku kafin tsinka, ki kuma wanke sosai saboda ɗaci. Fiya-fiya da sauran maganin feshin gona kada su kusanci wannan tukunya, ko wa ya ba ki shawara. Gara ki rasa shukar.

Taki ba ta cin da yawa. Wanda kika haɗa a ƙasa zai kai ta. In ganyen ya fara ɗashewa bayan tsinkar farko, ki barbaɗa ɗan ruɓaɓɓen taki a gefen tukunyar ki ba ta ruwa. Takin zamani in ya yi yawa sai ki samu ganye manya-manya marasa ƙamshi.

Wajen mako biyar zuwa shida da shuka, idan ta kai tsawon tafin hannu, sai tsinka. Ki yanki ganyen waje tare da silinsu daga ƙasa, ki bar na tsakiya domin daga nan take tohowa, kuma kada ki ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Silin ma ki yanka ƙanana ki zuba, ƙamshinsu bai gaza na ganyen ba. Tukunya ɗaya za ta ba ki tsinka biyu ko uku, in kin yi sa'a huɗu, daga nan ta yi fure komai kulawarki. Ki sa wannan a ranki tun yanzu don kada ranar ta zo ki ce kin sake faɗuwa. Masu samun kuzbara duk tsawon hunturu ba wata tukunya ce mai albarka suke da ita ba, tukwane uku suke juyawa. Ki shuka ta farko, bayan mako biyu ta biyu, bayan wasu biyun ta uku. Kafin ta ukun ta ƙare kin juye ta farko, kin ƙara mata taki kin sake zubawa. Da haka za ki ci daga Disamba har farkon Maris.

Maigida kuma gaskiyarsa ya faɗa, ba kushe ba ne. Ƙamshin ganyen yana fitowa ne daga wasu sinadarai da ake samun danginsu a sabulu, kuma akwai mutanen da hancinsu ke kama su fiye da na kowa. Wani bincike da aka fitar a 2012 ya danganta abin da wata ƙwayar halitta ta jin ƙamshi mai suna OR6A2, ma'ana akwai gado a ciki. Don haka kada ki zuba a tukunyar gida gaba ɗaya. Ki yanka a ɗan ƙaramin kwano, mai so ya barbaɗa a nasa. Dama a ƙarshe ake zuba ta bayan an sauke, wuta tana kashe ƙamshin. 'Ya'yan kuwa ɗanɗanonsu daban ne, ya fi kusa da na ɓawon lemo, kuma yawancin masu ƙin ganyen ba sa damuwa da su. Ki ɗan soya su sama-sama ba mai, ki daka, ki gwada masa a farfesu ko yajin nama.

Abin da ya yi saura daga tsinka, ki tsoma gindinsa a kofin ruwa ki rufa leda sako-sako ki sa a firij, zai yi mako guda ko fiye. In wuta ba ta zama, ki naɗe shi a tsumma mai laima ki ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, kada ki wanke sai za ki yi amfani da shi. Shanya ganyen ɓata lokaci ne, ƙamshin guduwa yake.

Tukunyar ƙarshe, wadda zafin Maris zai riska, ki ƙyale ta ta yi furenta. Fari ne mai ɗan ja-ja, za ki ga ƙudan zuma suna zuwa. Ki rage ban-ruwa idan 'ya'yan sun fara juyawa daga kore zuwa ruwan ƙasa. Idan yawancinsu sun juya, ki yanke kawunan da sassafe kafin rana ta sa su zube, ki baza a faifai a inuwa mako ɗaya ko biyu, ki murje ki sheƙe. Na shuka ki ɗebe su daga gindin da suka fi jinkirin yin fure, ba waɗanda suka riga kowa ba, domin halin uwar ne ke bin irin. Ki zuba a kwalba mai murfi bayan sun bushe ƙarau, ki rubuta wata da shekara a jiki, ki ajiye nesa da murhu da laimar damina. A farkon Oktoba ki fito da ƙwaya 10 ki gwada su a tsumma kafin ki haɗa ƙasa.